Wane risiba zan saya wa falona? Kaina ya ɗaure

Baban_Hanif
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah masu ilimin kayan sauti ku zo ku fitar da ni. Na gama gyaran falo na kafa TV inci 65, to ɗan hom tiyatan nan nawa na cikin kwali da nake ta lallaɓawa tun ina ango ya ce ga garinku. Ana cikin haka wani abokin aikina da aka yi wa canji zuwa Abuja ya sallama min sifikunsa guda biyar a kuɗi kaɗan, dogaye biyu, ta tsakiya ɗaya, ƙanana biyu na baya, duk an rubuta 6 ohms a jikinsu. Wufa ce kawai babu, ya ce ita kam ko da wasa ba za su rabu ba. Saura injin da zai tura su, wato risiba. Jiya na zaga kasuwa na ga guda uku, sabon Yamaha RX-V4A, sabon Denon AVR-X1700H, sai wani tokumbo ƙato mai nauyin tsiya wanda mai shagon ya ce canel 9 ne kuma kuɗinsa bai kai rabin na sababbin ba. Ni dai ƙwallo nake kallo a DStv sai Netflix jefi-jefi, yaro yana da PS5, uwargida kuma finafinan Hausa a YouTube. Wanne zan ɗauka?

Abba_Gemu
Wa alaikassalam Alhaji. Denon ɗin kawai ka ɗauka ka rufe ido, 7.2 ne, wato sifika bakwai da wufa biyu, kuma yana da Dolby Atmos mai sa a ji sauti ta saman kai, wancan Yamahan 5.2 ne babu Atmos a cikinsa. Magana ta ƙare.

Injiniya_Sani_Waya
Magana ba ta ƙare ba Abba, ko farawa ba a yi ba. Baban Hanif kafin ka tambayi canel nawa ne ko wat nawa ne, koma shagon ka juya tokumbon nan ka karanta abin da aka rubuta a kusa da inda wayar wuta take shiga. In ka ga 120V 60Hz to kayan Amurka ne, in 100V ne na Japan ne, mu kuma wutarmu 230V 50Hz ce. Ka jona shi kai tsaye a soket ko salati ba za ka ƙarasa ba hayaƙi ya tashi. A wata guda sai a kawo min irinsu biyu uku a shago duk ciwo ɗaya, wani fiyus ne kawai ya tafi an yi sa'a, wani kuma tiransifomar ciki ce ta ƙone kuma samun irinta ya fi sayen wani wahala. Kayan Ingila da Jamus da Dubai su ne namu, 230 suke sha. Wasu Yamaha da aka yi don kasuwar Asiya suna da ɗan makunni a baya na zaɓen 110 ko 220, shi ma duba inda yake kafin a kunna.

Baban_Hanif
Injiniya Allah ya saka da alheri, wlh ban duba ba. Amma na tuna da zai gwada min sai da ya jawo wani ɗan akwatin ƙarfe mai nauyi daga ƙarƙashin tebur ya soka a ciki tukunna, na ɗauka sitabilaiza ce.

Injiniya_Sani_Waya
Hahaha to ka gani. Sitefdawun ne wannan, mai sauke wuta daga 220 zuwa 110. Kayan Amurka ne ke nan. Ba wai ba ya aiki da shi ba ne, yana yi, amma sai ka sami mai kyau kamar wat 1000, kuma ran da wani yaro ko mai shara ya zare filogin ya mayar a bango shi ke nan an yi jana'iza.

Kawu_Mai_Rediyo
Ni ina da ja a kan yadda kuke tsorata mutane da tokumbo. Nawa na Amurka ne, shekara 11 yana ɗakina a kan sitefdawun, na naɗe filogin da salatif ja na ɗaure shi da waya yadda ba mai iya zarewa. Ku ɗaga tsofaffin nan ku ɗaga na yanzu ku ji bambancin nauyi, ƙarfe ne da tagulla a ciki ba roba ba. Abu ɗaya da na sani yana damuna shi ne rediyonsa, na Amurka a FM lambar ƙarshe mara ce kawai yake tsayawa a kai, 99.1, 99.3, 99.5, to Freedom ina kama ta tas tunda 99.5 ce a Kano, amma tashar da ta ƙare da cika sai ya tsallake ta.

Abba_Gemu
Kawu wa yake sauraron rediyo a risiba a wannan zamanin don Allah 😂

Kawu_Mai_Rediyo
Ni mana ɗan nan. Da asuba kai kana ta minshari.

DanMaradi227
Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Mu nan Maradi akasarin na hannu da muke samu na Faransa ne da Beljik ta Kwatano suke shigowa, wutarsu daidai da tamu ba ruwanka da wani akwati. Filoginsu ne mai ƙafa biyu zagayayyu, ku da kuke da soket mai ƙafa uku irin na Ingila sai ku canza kan. Sai dai abin lura, da wuya ka samu da rimot ɗinsa na asali, makirfon ɗin awo kuwa ma kada ka sa rai. In za ka sayi na hannu ka tambayi waɗannan biyun tun kafin a fara ciniki, in babu ka rage kuɗi.

Baban_Hanif
Makirfon kuma? Waƙa zan yi da shi ko me?

Sauti_Zalla
Bari in shigo nan don wannan shi ne abin da mutane suke rainawa kuma shi ne rabin kuɗin da ka biya. Kowane risiba na kirki yana zuwa da wani ɗan makirfo mai doguwar waya. Za ka jona shi a gaba ka ajiye shi daidai inda kanka yake idan ka zauna a kujera, sai injin ya riƙa fitar da wata ƙara fiu fiu daga kowace sifika ɗaya bayan ɗaya yana saurara. Da haka yake gane nisan kowace sifika da kunnenka, wadda ta fi ƙara ya rage mata, wadda ta yi ƙasa ya ɗaga ta, inda ɗakin yake kumbura bes ya danne. Denon da Marantz nasu sunansa Audyssey, Yamaha YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ, manyan kuma yanzu har Dirac Live suke sa musu. Wanda yake cikin X1700H ɗin MultEQ XT ne, wuri 8 yake aunawa a kewayen kujera. Falon mutanenmu kuma kun san shi, tayil a ƙasa, siminti a bango, tebur ɗin gilas a tsakiya, sauti ya yi ta dukan bango yana dawowa kamar a ɗakin taro. Ba zai gyara komai da komai ba amma za ka ji bambanci ƙarara.
Shawara ɗaya, ranar da za ka yi awon ka kashe fanka da AC, kada ka yi da janareta a kunne, ka kori yara. Ni na farkon da na yi sai da na maimaita sau uku saboda zakaran maƙwabcina, duk sanda aka zo kan sifikar hagu ta baya sai ya yi cara injin ya ce akwai hayaniya a sake.

Maman_Ilham
Ni dai tambaya gare ni tunda an zo nan, kuma ina jin matar Baban Hanif ma za ta so ji. Maigidan nan ya kashe kuɗi ya jera sifiku har bayan kujera, amma in na sa fim ɗina na Hausa na bayan shiru kake ji, in ya sa nasa na turawa kuma harbi da fashewa kamar gini zai rushe amma maganar mutanen sai an kasa kunne. Dare ya yi in ce ya rage ya ce ai ba ya jin me suke cewa. Wannan injin ne ba shi da kyau ko haka abin yake?

Sauti_Zalla
Hajiya injin lafiyarsa ƙalau. Finafinanmu akasarinsu sitiriyo ake haɗa sautinsu, hanya biyu kawai hagu da dama, YouTube ma mafi yawan abin da ke kai haka yake. To babu abin da aka ware wa na baya shi ya sa suke shiru. A rimot akwai inda za a zaɓi Dolby Surround ko DTS Neural:X, a tsofaffi kuma Pro Logic II, shi zai ɗauki biyun nan ya rarraba su, magana ta koma tsakiya kiɗa ya ɗan zagayo baya. Batun maganar turawa kuma, kusan duk hirar fim daga sifikar tsakiya take fita. Ya shiga saitin ya ƙara wa ta tsakiyar 2 ko 3 dB, sannan ya kunna abin dare, a Denon Dynamic Volume suke ce masa, yana danne fashewar ya ɗago magana. Kuma a duba kada a ce an cusa ta tsakiyar a cikin durowa.

Maman_Ilham
Ikon Allah, a cikin durowar TV ɗin take kuwa har da ƙofar gilas don kada Ilham ta taɓa. Bari ya dawo. Na gode ƙwarai malam.

Oga_Alaba
Alhaji ka bar dogon turanci. Ka zo Legas ko ka turo kuɗi in ɗora maka a mota, akwai wanda aka rubuta 5000W a kwali da wufa biyu da fitilu kuma bai kai kuɗin waɗannan ba. Me za ka yi da wat 80?

Injiniya_Sani_Waya
Oga ba girin-girin ba dai ta yi mai. Wannan 5000 ɗin PMPO ne, lambar talla ce kawai. Juya bayansa ka ga wutar da yake sha daga bango, za ka ga wat 100 ko ƙasa da haka, to abin da ya sha 100 ta ina zai haifi 5000, ko aljanu ne a ciki? Wat 80 ɗin da Denon ɗin nan ya rubuta a kan 8 ohms ne, canel biyu suna aiki a tare, awo ne da za a iya maimaitawa a gani. Kuma ko a tsakanin na gaskiyar kada mutum ya wahalar da kansa a kan 80 da 95 da 100. Sai ka ninka wat sau biyu cur kafin ka sami ƙarin 3 dB, wanda a kunne ɗan ƙari ne kawai. Sifikar da aka rubuta mata 88 dB, da wat ɗaya tak take ba da wannan ƙarar a nisan mita ɗaya, kuma 88 ɗin nan ta isa uwargida ta leƙo daga kicin ta ce lafiya.

Oga_Alaba
To ai ni kasuwa nake Injiniya, abin da mutane suke tambaya shi muke kawowa 😅

Baban_Hanif
Ina biye da ku ina ƙaruwa wlh. To batun 6 ohms ɗin fa, tunda na ji Injiniya ya ce a kan 8 aka auna? Kar in je in ƙona sifikun mutane da na samu da ƙyar. Sannan tsohuwar wufar hom tiyatan da ya mutu tana nan lafiyarta ƙalau, ba zan iya jona ta ba in huta da sayen wata?

Injiniya_Sani_Waya
6 ohms ba matsala, duk biyun za su ɗauka. Sai dai ka sani duk sanda ohms ya yi ƙasa injin yana ƙara jan wuta yana ƙara zafi, 4 ohms ne ake taka-tsantsan da shi. Wufar kuwa a'a. Ta cikin kwali ba ta da amfilifaya a jikinta, injin DVD ɗin ne yake tura ta. Shi kuma risiba ramin da aka rubuta subwoofer pre out sigina ce kawai yake fitarwa marar ƙarfi, dole sai wufa mai nata injin da nata filogin wuta. Wannan .2 da kuke gani a 5.2 da 7.2 ramin wufa biyu ake nufi, ba wai shi zai tura su ba.

Ummaru_Lissafi
To ka ga a nan ne nake ganin duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Mutumin nan sifiku biyar gare shi kuma ba shi da wufa. In ya kwashe kuɗin kaf ya sayi 7.2, canel biyu za su zauna suna hamma ba abin da aka jona musu, kuma ba sauran kuɗin wufa. In ya ɗauki 5.2 ya sa ragowar a wufa mai inci 10 ko 12, ranar farko zai ji gidan ya canza. Ni na yi wannan kuskuren, na sayi mai canel 7 da niyyar wata mai zuwa zan ƙaro sifiku, yau shekara huɗu ramukan nan biyu ƙura ce kawai a ciki, wata ya zo kuɗin makaranta, wata ya zo azumi, wata ya zo an yi haihuwa.

Abba_Gemu
Amma Yaya Ummaru Atmos fa? Ka taɓa jin ruwan sama ko jirgi ya wuce ta saman kanka kuwa? In ka ji sau ɗaya ba za ka koma 5.1 ba. Kuma PS5 ma tun sabuntawar 2023 tana fitar da Atmos. Da 7.2 ɗin sai ya yi 5.1.2, biyun da kake cewa suna hamma su koma silin.

Ummaru_Lissafi
Na ji a gidan wani, da daɗi ban musa ba. Amma ka tambaye shi ko zai yarda a huda masa sabon POP ɗin da ya gama biya.

Baban_Hanif
Kai ina! Ko ni na yarda uwargida ba za ta yarda ba, sati uku masu POP suka yi a gidan nan muna kwana a ɗakin yara.

Abba_Gemu
Akwai waɗanda ake ɗorawa a kan dogayen sifikun su harba sauti sama ya daki silin ya dawo, ba sai an huda komai ba.

Sauti_Zalla
Abba waɗannan sai silin shafaffe mai tauri kuma ba mai tsayi sosai ba. POP ɗinmu na yanzu hawa-hawa ne da rami a tsakiya da shandaliya tana reto, ga fanka tana juyawa, sautin zai watse ne kawai. Sannan a tambaya, me zai kalla da Atmos ɗin? DStv iyakarta Dolby Digital 5.1 a wasu tashoshin HD, Netflix sai kana kan tsarin Premium kuma ba kowane fim ba, ga data. YouTube da finafinan Hausa mun riga mun yi magana. Ni ina da 5.1.2 kuma ina jin daɗinsa amma in na faɗi gaskiya a sati bai fi sau ɗaya kalmar Atmos take fitowa a fuskar injin ba.
Duk da haka ban goyi bayan Ummaru ɗari bisa ɗari ba. Risiba ba waya ba ce da ake canzawa duk shekara, abu ne na shekara 8 ko 10. Denon ɗin yana da ramin HDMI 6, uku a ciki suna wuce 4K 120, Yamahan 4 gare shi. Dikoda, PS5, ɗan akwatin Android, ka ga saura ɗaya. Kuma awon ɗakin na Denon ɗin ya fi zurfi. In bambancin kuɗin ba zai hana shi wufa ba ni Denon zan ce.

Gamer_Zoo_Road
Tunda an ambaci 4K 120 a yi hattara da tsofaffin kaya da suka daɗe a sito. Risibobin farko masu HDMI 2.1 da suka fito a 2020, na Denon da Marantz da Yamaha, an samu matsala a cif ɗin HDMI ɗinsu, Xbox Series X a 4K 120 sai allo ya yi baƙi. Daga baya kamfanonin sun gyara, Denon har wani ɗan akwati suka raba wa waɗanda suka saya. X1700H na 2021 ne bayan an gyara, RX-V4A kuma a 2020 ya fara fitowa don haka a tambayi na yaushe ne. Amma fa Alhaji duba TV ɗinka tukun, in 60Hz ce duk wannan surutun bai shafe ka ba.

Baban_Hanif
Na duba kwalin yanzu, 60Hz ce. Akwai rami ɗaya da aka rubuta eARC a bayanta.

Gamer_Zoo_Road
Shi ke nan ka huta. Kuma eARC ɗin nan alheri ne, Netflix ɗin cikin TV zai dawo da sauti zuwa risiba ta wayar HDMI ɗaya, rimot ɗin TV ma zai riƙa ƙara murya da ragewa.

Kawu_Mai_Rediyo
To ai ga amsar tokumbona nan. Ya jona komai a TV, ya jawo waya ɗaya ta optikal zuwa tsohon injin, 5.1 zai fito tas. Me ya rage?

Sauti_Zalla
Zai fito Kawu, Dolby Digital da DTS na da suna bi ta optikal. TrueHD da DTS-HD da Atmos ne ba sa bi. Kuma gaskiya ga mai kallon ƙwallo da Netflix ba wani asara mai yawa ba ce. Abin da ya sa nake ɗari-ɗari da wancan ɗin ba sautin ba ne, in ya girmi 2015 da wuya ya wuce hoton 4K saboda ba shi da HDCP 2.2, wato tsarin kariyar da hoton 4K yake buƙata, ga sitefdawun, ga ba makirfo, ga ba garanti. Kuma allon HDMI shi ne abin da ya fi saurin mutuwa a tsofaffin nan saboda zafi. Sayen kifi a ruwa ne, wani ya dace kamar ku, wani wata biyu ya koma ajiye takalmi a kai.

Hajjaju_Kaduna
Ni duk wannan wayoyin ne ba na so. Mu sawunba muka saya dogo ɗaya da wufarsa marar waya, aka ajiye a ƙarƙashin TV, minti goma an gama. Ba ɓera ya ci waya, ba yaro ya yi tuntuɓe. Me ya sa maza kuke son wahalar da kanku ne?

Ummaru_Lissafi
Hajiya da ba shi da sifiku ko ɗaya da ni ma abin da zan ce masa ke nan. Amma ya riga ya mallaki guda biyar masu kyau, zubar da su zai yi?

Hajjaju_Kaduna
Ya sayar wa Abba mana tunda shi jirgi yake so ya bi ta kansa 😄

Solar_Bichi
Ba wanda ya taɓo wuta sosai bayan maganar 110. Baban Hanif da me kake kunna kayanka in an ɗauke? In inbata ce ka tabbata mai pure sine wave ce, ɗaya irin mai arahar tana sa tiransifomar risiba kuka zzzz tana zafi. A bayan injin irin Denon ɗin nan za ka ga an rubuta wat 400 da wani abu, kada ya tsorata ka, wannan in an ƙure shi ne. Na sa mita na auna nawa muna kallon ƙwallo da murya daidai, tsakanin 60 da 90 yake yawo, in na kunna Eco ya ƙara sauka. Wufa ma nata daban. In kuma ƙaramin janareta ne to kada ka tayar da shi ko ka kashe shi risiba yana kunne, a nan ake yin ɓarna.

Injiniya_Sani_Waya
Gaskiya ne. Ka haɗa masa sitabilaiza mai jinkiri, wadda in an kawo wuta take jira kafin ta saki, don lokacin da aka dawo da ita ɗin nan ne take zuwa da hauka. Da damina kuma in hadari ya haɗo ana tsawa zare wayar dish daga dikoda, ba filogin wuta kawai ba. Na sha ganin tsawa ta bi ta wayar dish ta shiga dikoda ta bi HDMI ta kashe ramin risiba da na TV a lokaci guda. Sai zafi, ka san watan Afrilu a Kano ana haura 40, kada ka kulle shi a durowa irin ta Maman Ilham, ka bar masa sarari a sama kamar tafin hannu ko fiye, kada a ɗora dikoda a kansa. Da hunturu in ba a amfani da shi a rufa masa ƙyalle saboda ƙura, amma a tuna a cire kafin a kunna. Akwai wanda aka kawo min an yi masa ado da ɗan kyallen saƙa da fulawar roba a kai, wai yana kashe kansa bayan minti ashirin.

Maman_Ilham
Injiniya ka daina tona min asiri, an fito da ita daga durowar tun ɗazu. Kuma wlh maganar ta fito raɗau.

DanMaradi227
Wani abu kuma a kan waya, kada a yaudare ka da waya mai tsada wai ta zinare. Ta tagulla zalla mai ɗan kauri ta isa, 16 gej ga na gaba, na baya da suke da nisa 14. Kawai ka kankare bakin ka gani, da yawa a kasuwa alminiyom ne aka shafa wa jan launi. Kuma ka kula ja a ja baƙi a baƙi, in ka juya ɗaya bes ɗin sai ya ɓace ka yi ta zagin injin a banza.

Baban_Hanif
Jama'a na gode Allah ya bar zumunci. Inbata gare ni 2.5kVA kuma pure sine ce, wannan an wuce. Tokumbon na cire shi a lissafi, Kawu a yi min afuwa, yarana uku ne kuma ƙaramin duk abin da ya gani a soket sai ya zare. Yanzu tsakanin biyun nan ne, na yi lissafi in na ɗauki Yamaha zan iya haɗawa da wufa a wannan watan, in Denon ne wufar sai bayan sallah. Dogayen sifikun nan ba za su riƙe ni ba zuwa lokacin?

Sauti_Zalla
Za su riƙe ka. A saitin ka nuna masa babu wufa, na gaban su zama Large, bes ɗin zai koma kansu. Ran da wufa ta zo ka mayar da su Small ka sa kurosoba, wato iyakar inda bes yake komawa wufa, a 80Hz ka sake awo da makirfo.

Ummaru_Lissafi
Bayan sallah. Haka ni ma na ce.

Kawu_Mai_Rediyo
Ba komai ɗana, Allah ya sa albarka a duk wanda ka ɗauka. Amma wane shago ne mai canel 9 ɗin, turo min kwatancen ta akwatin sirri in je in ɗaga shi in ji nauyinsa.

Abba_Gemu
Alhaji kafin ka biya ka tambaye su ko suna da RX-V6A, shi ma Yamaha ne amma 7.2 da Atmos da HDMI 7, ko X1800H wanda ya gaji 1700 ɗin a 2023. Wataƙila zuwan sabon ya sa su sauke maka kuɗin tsohon.

Baban_Hanif
Abba ka ƙara min biyu a kan biyun da suka hana ni barci. Ranar Asabar zan koma da filashina da fim a ciki su jona min kowanne in ji da kunnena, zan ɗauko hoton bayansu in turo Injiniya ya duba min wutar kafin in ba da ko sisi.

Solar_Bichi
Ka tafi da sifikar tsakiyar taka a but, da nasu za su gwada maka kuma ba ita za ka kai gida ba.

Nura_Sabon_Shiga
Slm don Allah ni ma nawa in na kunna yana yin wani huuum a wufa ko ba a sa komai ba, amma in na zare wayar dikoda sai ya daina. Injiniya me ke kawo wannan?

Injiniya_Sani_Waya
Nura soket ɗin da ka jona su akwai wayar at, wato ta ukun nan mai zuwa ƙasa, a ciki kuwa, ko biyu kawai mai wayarin ya ja maka? Buɗe ka duba, amma ka kashe wutar gidan tukun.